Kambi a Kan Ɗankwali

Dalilin wannan rubutu shi ne wata magana da na ji daga bakin jikan ƙanena, wanda ya buɗe ofis a Kano yana shirya wa ma'aurata abin da suke kira bazata: a yi wa mace ado, a ɗora mata kambin roba, a watsa furanni, a ɗauki hoto da waya. Na tambaye shi wanda ya koya masa aikin. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ai ba ya bukatar koyo. Fitilu ne da kiɗa, sai mace ta yi ta murna." Ban amsa masa a wurin ba, domin akwai baƙi. Amsar ce nake rubutawa yanzu, gare shi da sauran sa'o'insa, tunda na yi wannan sana'a a Alƙahira tun ubansa yana goye.

Na je Masar a farkon shekarun 1970 da tallafin karatu, na karanta harshen Larabci da adabinsa har na kammala. Da ban sami hanyar komawa gida nan da nan ba, sai na karɓi aikin magatakarda kuma tafinta a wani babban wurin shaƙatawa da ke kan hanyar da ake kira Haram, wato hanyar dala, kusa da dalolin Fir'auna. Ba zan ambaci sunansa ba. An rushe shi tuni. Wurin yana da lilo iri-iri, da ɗakunan saukar baƙi, da tafki, a tsakiyar tafkin kuma an gina fada ta katako, an yi mata fenti kamar ta dutse. Sashen da aka ba ni shi ne wanda ake kira Ranar Gimbiya. Miji ne yake sayen ranar ya ba matarsa kyauta. Da la'asar a shigar da ita ɗakin ado, a sa mata alkyabba da kambi, a ɗauke ta a hantur, wato keken doki, a zaga da ita bakin tafki har zuwa gada. A ƙarshen gadar ƙofar fada take, a rufe, mijin yana ciki yana jira. Sanƙira ya tambaya, "Wa kike nema, ya gimbiya?" Ta kira sunan mijinta, ma'aikata su ja igiya, ƙofa ta buɗe. Ya miƙa mata akwatin kyautarsa, su zauna a karaga, a ɗauke su hoto. Hoton a cikin fada ake ɗauka, ba a waje ba. A riƙe wannan, domin zai dawo a gaba.

Abokan karatuna sun yi ta zargina. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci a unguwar Ainu Shams ya ce, "Habibu, nahawun da ka sha duk a kan keken doki zai ƙare?" Na ce masa ban taɓa shirya wa mutum wannan rana ba sai ya nuna mini takardar aure, kuma wanda ya kyautata wa iyalinsa bai yi abin kunya ba. Wannan sharaɗi ni na kafa shi, na kuma tsaya a kansa har ranar da na bar aikin. An sha kawo mini na goro don in kawar da kai, na sha mayarwa.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Sitt Marika, tsohuwa 'yar asalin Girka haifaffiyar Iskandariya, wadda ta yi ƙuruciyarta tana ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayo kaya. Ita ta ƙirƙiro Ranar Gimbiya tun daga tushe. Ranar da na fara, na zo da alƙalami a aljihu da takardar shaidar karatuna. Ta duba takardar da girmamawa, ta mayar mini, ta miƙo mini ɓarin lemun tsami da toka ta ce in goge kambuna. Watannin farko ban yi komai ba sai goge tagulla, da gugar alkyabba ta bayan ƙyalle don kada karan-miski ya ƙone, da tafiya a gaban doki ina koyon saurin da ya dace. Idan doki ya yi sauri, mace takan riƙe gefen keke da hannu biyu, kambi ya karkace. Idan ya yi nawa, sai ta fara jin idon mutane a jikinta. Kayan aikinmu kaɗan ne: filaya ƙarama, da guduma ta katako don buɗa kambi ko matse shi, da zaren auduga mai kauri na awo, da fil, da dutsen guga na gawayi, domin ba ta yarda da na lantarki ba. Abin da ta fi maimaita mini shi ne, miji ne yake biya, amma matar ce muke yi wa aiki, don haka duk abin da zai sa ta sunkuyar da kai don takura, ba don jin daɗi ba, kuskurenmu ne.

Bahaushiya ta farko da na yi wa aiki matar wani jami'in ofishin jakadancinmu ce, daga unguwar Ma'adi. Kambunanmu duka an ƙera su ne don gashi a buɗe. Suna da haƙora irin na mashaci da ake soka su a cikin suma. Matar nan ta ce ba za ta cire ɗankwalinta ba, kuma tana da gaskiya. Masu ado suka ɗora kambin a kan ɗauri suka danna, haƙoran suka yaga atamfar. Da keke ya hau gada, kambin ya zame ya faɗa tafki. Matar mai fara'a ce, ta yi dariya ta ce kifayen Masar ma sun sami sarauta. Sitt Marika ba ta yi dariya ba. Washegari ta tura ni wurin maƙerinmu a tsohuwar kasuwa, muka zauna da shi har muka fitar da kambi marar haƙora, mai faɗin baki, an naɗe cikinsa da karan-miski don ya kama ƙyalle, da 'yan kunnuwa a gefe inda fil zai shiga.

Sai wata matsalar ta taso. Irin wannan kambi dole a yi shi daidai da kan mai shi, alhali yawancin mazan so suke kada matar ta san komai sai ranar. Ta yaya za a auna kan macen da ba a gani ba? Maiɗakina ce ta ba ni hanyar. Ɗankwalin da mace ta ɗaura ta cire, muddin ba a wanke shi an goge ba, yana riƙe da shaidar inda ƙulli ya zauna. Sai in ce miji ya kawo mini irin wannan. In shimfiɗa shi a tebur, in ja zare daga wannan tamoji zuwa wancan, in ƙara faɗin yatsa saboda kaurin naɗi, in ƙulle zaren a nan. Daga yadda ƙyallen ya karye kuma nakan gane ko ɗaurinta mai tsayi ne a gaba ko mai kwanciya, sai a rage goshin kambin ko a ƙara. Kowane zare nakan liƙa masa 'yar takarda da sunan mai shi, in ajiye a akwatin gwangwani. Ban taɓa zubar da ko ɗaya ba.

Aikin da ya fi koya mana hankali shi ne na wata yarinya, matar wani ɗalibi ɗan Zariya. Komai ya tafi daidai har bakin ƙofa. Sanƙira ya tambaye ta wa take nema, ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta ja gefen alkyabba ta rufe fuska. Sitt Marika tana tsaye a gefen gada. Ba ta jira an tambaya karo na gaba ba, ta ɗaga hannu aka ja igiya. Da aka watse ta kira ni ta ce, "Ya Habib, faɗa suka yi?" Na ce a'a, a wurinmu mace mai kunya ba ta kiran sunan mijinta, ko a ɗaka, balle a gaban jama'a, tana iya zama da shi har tsufa tana ce masa Malam ko Maigida. Ta ce, "To mu muka tsayar da ita a gaban mutane muka ce ta zagi tarbiyyarta. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Na ce ban yi zaton ana iya canza tsarin ba. Ta ce ita ta rubuta shi, ba daga sama ya sauko ba. Daga ranar aka ƙera sanda ta tagulla. Wadda ba ta son kiran suna, sanƙira ya miƙa mata sandar ba tare da tambaya ba, ta ƙwanƙwasa ƙofa da kanta, a buɗe.

Kada mai karatu ya ɗauka duk matanmu haka suke. Akwai matar wani jami'i, Mista Bitrus, mutumin Jos, wadda aka miƙa wa sanda ta ture ta, ta buɗe murya ta kira sunansa har doki ya zabura. Daga ciki ya amsa da cewa, "Na ji, Mama, ko mutanen Helwan, can ƙarshen gari, sun ji." Abin da nake nufi shi ne sai an bincika. Shi ya sa, ko da miji ya nace a kan ɓoyewa, nakan tura maiɗakina ta je gaisuwa, ta ɗan gutsura wa matar labari, ta ji abin da za ta iya ɗauka da wanda ba za ta iya ba. Bazatar da ba a bincika ba, ni ban kira ta kyauta ba.

Yanzu zan zo kan Malam Garba. Direba ne a ofishin jakadancinmu, mutumin Gusau, dattijo mai raha, yana gab da ajiye aiki ya koma gida. Ya shigo ofishina wata Asabar da takarda a naɗe a hammata, yana waige-waige kamar ya ɗauko kayan haram. Ya ajiye a tebur ya ce, "Malam Habibu, ga ɗankwalin. In Hajiya ta gane ni na ɗauka, sai dai ka ba ni tabarma a gidanka na Hadayek el-Maadi."

Na ce, "Malam Garba, kai ma ka shiga sahun yara?"

Ya ce, "Yara ina suka ga abin godiya? Jiya-jiya suka yi aure." Ya gyara zama. "Matar nan ta biyo ni ƙasar da ba ta jin maganarsu. Hawa na sama a Ainu Shams, ba tsakar gida, ba 'yar'uwa. Ta yi goyo a nan, ta yi jinya a nan, an yi mata mutuwar uwa tana nan ba ta je ba. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Ni kuma bakina na zolaya ne; in na buɗe shi zan yi godiya sai wasa ya fito."

Na tambaye shi abin da zai sa a akwatin kyauta. Ya ce turare ne, amma ba shi ne abin ba. "Hoton nake so. Ba mu da hoto tare, ko guda. Nata na fasfo, nawa na fasfo. In na ce mu je a ɗauke mu, sai ta ce me za a yi da shi, mu ba yara ba. Amma in mun je gidan mutane ina ganin yadda take tsayawa a gaban nasu. So nake mu koma Gusau da shi, in rataye a ɗaki, jikoki su ga uwarsu ta taɓa yin sarauta a Masar."

Maiɗakina ta je wurin Hajiya Rabi, haka sunan matar. Da farko ta ƙi. Daga baya ta ce, tunda Malam ya sa rai, za ta yi, bisa sharaɗi: ba taron jama'a, kuma ba za a sa ta magana ba. Maiɗakina ta yi mata alkawari da sunana. Aka sa rana a makon ƙarshe kafin tafiyarsu, domin sai lokacin zai sami hutu. Aka ƙera kambin, ya fito da kyau.

Tsakanin alkawarin da ranar ne mummunar shekara ta faɗo mana. Ita ce shekarar da aka yi tarzoma aka ƙona wasu otal-otal a kan hanyar Haram, a tsakiyar shekarun 1980. Wutar ba ta taɓa mu ba, amma baƙi suka ɗauke ƙafa. Dokinmu ya yi ta cin ciyawa ba aiki. Masu wurin suka sayar wa wani kamfani, kamfanin ya turo sabon manaja, matashi mai son a ce ya kawo ci gaba. Cikin ɗan lokaci ya sallami Sitt Marika, ya ce ta tsufa. Ya sallami masu jan igiya ya sa wa ƙofa injin lantarki, da ɗan ɗaki a gefe inda mai danna maɓalli yake zama. Ya kawo kambunan roba masu girma ɗaya. Ya jera benci a bakin tafki yana sayar da tikiti, don jama'a su kalli gimbiya kamar wasa. A madadin sanƙira ya ɗauko ɗan barkwanci da makirufo.

Na shiga ofishinsa na yi masa bayani dalla-dalla, da baki da kuma a rubuce: akwai mace ɗaya da aka yi wa alkawari a tsohon tsari, a bar mata sanda, a rufe benci na wannan yammaci, a bar ta da kambinta na tagulla. Yana waya yana ɗaga mini hannu yana cewa, "Tamam, tamam, ya ustaz," wato an gama. Na sake komawa ana gobe ranar, ya ce, "Khalas, na ce maka tamam." A lokacin ban san cewa akwai mutanen da tamam ɗinsu ba ta nufin komai sai a fita a ba su wuri ba. Cikin abubuwan da na roƙa, kambin kawai aka bari, shi ma don yana hannuna ne.

Hajiya Rabi ta iso da la'asar tare da maiɗakina. Doguwa ce, marar yawan magana. Aka sa mata alkyabba kore, aka ɗora kambin a kan ɗaurinta, ya zauna kamar da shi aka haife ta. Ta dubi madubi ta ce, "Ikon Allah. Wa ya ba ku awon kaina?" Maiɗakina ta ce sana'a ce. Ta yi murmushi ba ta ƙara tambaya ba. Malam Garba ya riga ya shiga fada da babbar rigarsa fara, akwati a hannu, mai ɗaukar hoto ya kafa kyamararsa a gaban karaga.

Ina gaban doki muka karyo kwanar tafki, sai na ga benci cike da mutane. Ranar hutu ce, an kawo motoci na 'yan yawon buɗe ido daga cikin gari. Keke ba ya juyawa a wannan siririyar hanya. Gaba kawai ake yi. Na waiwaya na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba haka aka shirya ba. Da kin ƙwanƙwasa ƙofa an gama." Ta ce, "Ba komai, Malam." Ta sauko ta taka gadar a natse. Na nemi sanda inda ake jingine ta, babu. An kwashe ta da sauran tsofaffin kaya.

Ɗan barkwancin ya tare ta da makirufo. Da Larabci yake magana, amma Hajiya ta daɗe a ƙasar, tana tsintar abin da ya isa. Ya ce, "Marhaban da gimbiyar Afirka. Yalla, faɗa mana, wa kike nema?" Ya kai makirufo bakinta. Ta yi shiru. Na matsa na ce masa a kunne ba ta kiran sunan miji, ya sa a buɗe. Maimakon haka sai ya juya ga jama'a ya ce, "Jama'a, gimbiya ta manta sunan mijinta." Aka yi dariya. Da ya ga dariyar ta karɓu, sai ya ƙara: "Ko kuwa suna da yawa ne, tana zaɓen wanda za ta kira?"

Na ruga ɗan ɗakin maɓalli na ce a buɗe. Mai dannawa ya ce umarnin manaja ne, ba suna ba ƙofa, domin jinkirin shi ne abin da jama'a suka biya su gani. Muna cikin wannan sai muka ji ana dukan ƙofa daga ciki. Malam Garba ne, yana magana da ƙarfi da Hausa da gurgun Larabcinsa: "Ku buɗe, sunana Garba. Ga shi na faɗa muku. Garba ne, ku buɗe mata." Ɗan barkwancin ya ce, "A'a, ya basha, daga bakin gimbiya muke so." Jama'a suka fara tafi suna cewa ta faɗa, ta faɗa.

Na ture hannun mai maɓalli na danna da kaina. Injin mai nawa ne. Kafin ƙyauren ya gama rabuwa, Hajiya Rabi ta riga ta zare fil, ta cire kambin, ta juya. Mun haɗu a tsakiyar gada. Ta miƙo mini shi da hannu biyu, ta ce, "Malam, ga kayanku. Allah Ya saka da alheri, an yi ƙoƙari." Ta wuce ta gaban benci ɗin nan duka, ba ta yi sauri ba, ba ta kalli kowa ba, har ɗakin ado. Ƙofa ta buɗe a kan gadar da ba kowa sai ni. Malam Garba yana tsaye da akwatinsa, mai hoto a bayansa.

Na je gidansu washegari. Na ce akwai ɗakin ɗaukar hoto a Ma'adi, zan nemi aron alkyabba da kambi in kai, ba wanda zai gani sai mai kyamara. Malam Garba ya raka ni har matakala ya ce, "Ma'alish, ba komai, Malam Habibu. Bar shi. Sau ɗaya na roƙe ta abu irin wannan, ka ga inda na kai ta. Ba ni da bakin sake roƙo." Ban ji wasa ko ɗaya a bakinsa ranar ba. Cikin makon suka tafi.

Na rubuta wa kamfanin takardar ƙorafi, na bayyana abin da aka yi da wanda ya yi shi. Amsar da na samu ita ce jama'a sun ji daɗin wasan, kuma ana tuhumata da taɓa injin da ba aikina ba. Na ajiye aiki. Da na je kwashe kayana, na tarar an sayar da kambunan tagulla duka ga masu sayen tsofaffin kaya, waɗanda suke yawo da amalanke suna kiran robabikiya, har da na Hajiya Rabi, domin a ƙa'ida kayan wurin ne, ni kuma ban taɓa fita da abin da ba nawa ba. Akwatin zarurrukan awo kaɗai na ɗauka; zaren da kuɗina nake saye. Na koma aikin fassara.

A ƙarshen shekarun 1980, bayan an buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani saurayi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa a Hadayek el-Maadi. Ya ce sunansa Sani, ɗan Malam Garba ne, ya dawo Masar karatu. Bayan gaisuwa ya sanar da ni mahaifinsa ya rasu bara. Muka yi masa addu'a. Sannan ya ce, "Baba, Inna ce ta aiko ni. Ta ce in tambaye ka ko a ranar nan an ɗauki hoto, ko daga nesa ne, ko da ba su fito sosai ba, in dai ita da shi suna ciki."

Na ce masa babu. Mai hoto a ciki yake, ita kuma ba ta shiga ba.

Ya ce, "Ta ce in babu, ko hular tagullar nan tana nan. Ta ce ta san da ɗankwalinta aka auna. Ta ga lokacin da Malam ya ɗauka yana cusawa a takarda, ta yi kamar tana barci. Da ya mayar ma ba a inda ya ɗauka ya ajiye ba."

Na ce ita ma babu, na gaya masa inda ta tafi. Sai na tashi na ɗauko akwatin gwangwani, na nemo zaren da aka rubuta wa Hajiya Rabi, matar Malam Garba. Na ce, "Wannan ne kawai ya rage. Awon kanta ne. Mahaifinka ne ya riƙe mini wancan bakin a kan tebur, ni na ƙulla wannan." Ya karɓa, ya naɗe shi a hankici, ya sa a aljihun gaba.

Da na raka shi tashar jirgi, na tambaye shi ko tun bayan rasuwar ya taɓa jin ta ambaci sunan. Ya ce, "A'a, Baba. Ko a addu'a, Allah Ya jiƙan Malam take cewa. Mu ne muke cika mata sunan."